Duwatsun Baba Arzika

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma ya ƙi kwashe ranar da na rubuta "kufai" a takardar safiyo. Ku ma'aikatan yanzu da kuke juya alƙalami kamar tsinken sakace, ku matso ku ji. Kai Mamman, ajiye goron nan, ba gudu zai yi ba.

A shekarun farko na mulkin Nasara a Sakkwato, ni ne malamin safiyo. Aikinmu auna ƙasa da zana ta a takarda. Bature na leƙa madubin awo, masu jan sarƙa na ja, ni kuma ina yi masa tafinta, ina cika takarda. Duk wurin da muka isa, tambaya ɗaya ce: akwai mai kwana a ciki? In akwai ko mutum guda, sai in rubuta "gari", ba mai taɓa shi. In babu, in rubuta "kufai", ya zama na gwamnati, ta ɗebi abin da take so.

A lokacin ana neman dutse ido rufe don gyaran hanyar da ta fita ta Ƙofar Atiku, wadda ruwa ke cinyewa kowace damina. Bayan girbin gero aka tura mu wani tsohon birni, tafiyar yini guda daga Sakkwato, wanda mutanen karkara ke kira Birnin Aljanu.

Wallahi ban taɓa ganin gini irinsa ba. Dutse ne kan dutse, babu laka, ba abin da ke riƙe da su sai junansu. Ƙofofin ɗakuna gajeru, sai ka durƙusa. Ba hayaƙi, ba kukan jariri, amma lunguna a share suke tas, ko kashin akuya babu.

A wajen ganuwa, gab da ƙofa, akwai bukkoki biyu. Nan muka sami wani tsoho, Baba Arzika, da ƙanwarsa Inna Tumba. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, wa ke da garin nan?"

Ya ce, "Masu shi sun yi tafiya."

Ya ba ni labari cewa aljanu ne Musulmi suka gina shi, kuma rana ɗaya suka tashi. Kafin su tafi suka bar wa kakan kakansa amana uku: a share gari, a mayar da duk dutsen da ya faɗo wurinsa, kuma kada ɗan Adam ya kwana a ciki har su dawo. "Mu tsaro anka ba mu, Malam. Ba a ba mu gida ba."

Bature ya ce in yi wa tsohon tambayar da aka saba. Ni kuwa na riga na san amsar. Na ja tsohon gefe, na faɗa masa dokar dalla-dalla. Na ce, "Baba, don girman Allah ka ce kana kwana ciki. In ba ka son ƙarya, ɗauki tabarmarka yau ka kai ɗaki guda. Kwana ɗaya tak, gari ya tsira."

Ya dube ni ya ce, "In yi ƙarya, ko in ci amana. Wacce ka zaɓa min, ɗana?"

Haushi ya kama ni, na ce, "Haba Baba! Wane irin taurin kai ne wannan? Rushe shi fa za a yi!"

Sai Inna Tumba ta ɗago kai ta ce mini, "Kai da alƙalami ke hannunka, mi ya hana ka rubuta gari?"

Nan ta kama ni. Baturen nan bai jin Hausa, abin da na faɗa masa shi ne. Amma na tuna in asiri ya tonu korata za a yi, ga iyali a gida. Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba. Ƙaryar da nake roƙon tsoho ya yi, ni na kasa ɗaukarta. Na juya na ce wa Bature, "Ranka ya daɗe, ba mai kwana." Na duƙa na rubuta.

Ba a yi wata guda ba aka tura leburori da jakuna su kwaso duwatsun. Helman, wato shugaban leburorin, ya ce mini tsohon bai hana kowa ba. Yana tsaye a ƙofa, duk jakin da zai fita sai ya shafa kayan, ya faɗi lungun da aka ciro su. Inna Tumba kuwa ba ta ga damina ba, Allah ya jiƙanta.

Bayan an gama hanya, wata safiya na fito ta Ƙofar Atiku za ni aiki, sai na hangi tsoho duƙe da tsintsiya yana share gefen hanya. Wani dutse ya zame daga jeri, ya ciccibe shi da kyar ya mayar. Baba Arzika ne, ya rame ya zama kamar kara.

Na ce, "Baba, me ya kawo ka nan?"

Ya ce, "An ce in tsare su, ba a ce sai suna can ba. In masu su sunka dawo, in nuna musu inda anka kai kayansu." Sannan ya ƙara da cewa, "Malam, tunda rubutunka ake ji, rubuta min cewa ban kwana ciki ba."

Na yago takarda na rubuta masa. Ya naɗe ta ya cusa a hula, ya yi mini godiya. Godiyar nan ta fi zagi ciwo. Shekara biyu yana sharar hanyar nan, mutane na ce masa mahaukaci, har ya rasu.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan: mu muna yini guda a wuri, mu rubuta kalma ɗaya mu wuce, wani kuma ya ɗauke ta har kabarinsa. Saboda haka kafin ku cika takarda, ku ɗaga kai ku dubi wanda ke tsaye gabanku. Ni dai har yau, in fita ta kama ni ta wajen nan, zagayawa nake ta wata ƙofa. Ba na iya taka duwatsun.