Sarkin Naɗi da Injin da Ya Gaje Shi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda ma'aikatan kamfanin sabulu suka fi sani da Sarkin Naɗi.

Yaya, da hannun nan mai naɗe sabulu ba tare da ka duba ba ka riƙe ni har na yi karatu. Duk lokacin da ka tarar da ni da littafi sai ka ce, "Malam, yau me masu tabarau suka gano?" Idan takardar naɗi ta ƙi wa sabuwar ma'aikaciya, kai kake matsowa ka rufa mata asiri kafin mai duba aiki ya zagayo.

Da manaja ya ce baƙi za su zo ɗaukar hoton aikinka, ka zaci karramawa ce. Ka yi aski, ka ari agogona. Suka ce ka cire agogon, hannu kawai suke so. Ka naɗe musu a hankali, ka maimaita, har ka nuna musu yadda ake danne kusurwa da babban yatsa. Ba a jima ba inji ya iso yana danne kusurwa irin taka, aka sallami 'yan layin naɗi gaba ɗaya, har da kai.

Manaja ya ce zamani ne ya kawo. Na yi karatu daidai gwargwado, ban taɓa ganin inda zamani ya zauna a ɗakin taro ya ɗaga hannu ba. Mutane ne suka zauna, suka sha shayi, suka zaɓa. Amma abokan aikinka ba su san hanyar ɗakin nan ba, gidanka suka sani. Suka ce kai ka sayar da su. Wata da ka koya wa aiki ta ce maka a titi, "Baba, a gaishe da ɗanka na ƙarfe."

Gaisuwar da aka daina amsa maka ta fi sallamar cin ranka. A asibiti, ƙofa na motsi sai ka ce, "'Yan layi ne?"

'Yan layi, matarsa tana nan zaune, kuma ƙofa a buɗe take. Ku zo. Bai sayar da kowa ba. An ce ya nuna aiki ya nuna, kamar yadda ya nuna muku.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya ba matarka da 'ya'yanka haƙuri, Ya buɗa wa waɗanda aka sallama, Ya sanyaya zukatansu a kanka.