Yauƙin Harmen Algra

Harmen Algra dogon mutum ne siriri, ɗan makiyayan shanu daga wani ƙauye a arewacin Holan, wanda karatu ya ja shi birni har ya zama malamin ilimin sinadarai a jami'a. Bai taɓa kai matsayin farfesa ba, abin kuma bai taɓa hana shi barci ba. Ko ana ruwa ko ana iska, da safe zai haye tsohon kekensa, burodi da cuku a aljihun kwat, ya nufi ɗakin gwaji. Haka ya yi ta yi tun gashinsa yana ja har ya koma fari fat.

Yawancin masu haɗa sinadarai ɗaure ƙananan ƙwayoyin sinadarin suke yi da juna tamau, kamar mai walda. Su Harmen kuwa sha'aninsu daban ne: ƙwayoyin da za su nemi juna da kansu, su riƙe juna sako-sako, in hali ya canza su saki. Burinsa guda ɗaya ne tun yana saurayi, wato ya sa ƙwayoyi su taru su zama ɗan keji wanda ido ba ya gani, mai murfi, ya kama ƙwayar magani ya rufe, sai ya kai ta inda ake so a jiki sannan ya buɗe. Ya zana kejin nan a allo, ya zana a bayan ambulan, ya zana wa matarsa Tineke a takardar goge baki ranar da ya fara fita da ita. Ita dai ta aure shi duk da haka.

To amma a wajen mutanen nan abu bai tabbata ba sai ya fito kiristal, 'yar tsakuwa mai sheƙi irin ta gishiri, don ita ake haskawa a ga siffar abin da ke ciki. Tsohon malaminsa ya dasa masa wannan a ka: abin da ya ƙi zama kiristal, shara ne. Shi kuwa Harmen, duk sanda ya haɗa kayansa ya ajiye kwalba ta kwana, sai ya tarar da yauƙi. Wani abu fari-fari mai danƙo, kana karkata kwalbar yana bin ta a hankali kamar miyar kuɓewa. Kai, ya tsani abin nan! Ya canza ruwan haɗi, yauƙi. Ya rage zafi, yauƙi. Sai ya yi tsaki, ya ɗauki kwalbar ya juye a shuɗin durom ɗin shara da ke bayan ƙofa, ya sake sabon lale.

Tun a farkon aikinsa haushi ya sa ya rubuta wata 'yar maƙala, ya bayyana yadda yauƙin ke tasowa da abubuwan da mutum zai guje wa don kada ya same shi. Aka buga ta a wata mujalla da ba kowa ke buɗewa ba, shi kansa ya manta da ita.

Ritaya ta matso. Ƙarshen bazara za a karɓe bencinsa, wato teburin aikinsa na ɗakin gwaji, a ba wani, keji kuwa bai fito ba. Abin da ke cin Harmen ke nan, ya ga kejin nan ko sau ɗaya kafin a karɓi makulli.

Wata safiya Ruben Brinkhuis ya faɗo ɗakin gwajin da kwalin kek a hannu. Ruben ɗalibinsa ne a da, yanzu shi ne shugaban sashe, ga tumbi ga saurin magana.

"Harmen, ka ga lambarka kuwa?"

"Wace lamba? Ta keke?"

"Haba dai! Lambar ambato."

Kowane mai bincike yana da wannan lamba, ta yawan lokutan da wasu suka ambaci aikinsa a nasu rubutun. Da ita ake auna mutum, da ita ake ƙara girma, wasu ma kafin su wanke fuska suke duba ta. Ta Harmen ta daɗe a kwance, har ɗalibai na tsokanar juna da ita.

"Ta haura dubu, mutumina," in ji Ruben. "Daga Japan, daga Kanada, ko'ina sunanka. Ka fi ni, ka fi kowa a benen nan."

Harmen ya juyo. Ya dafa benci. "Keji? Wani ya fitar da shi?"

"Wane keji? Yauƙi! 'Yar maƙalar nan taka ta da."

"Amma ai wannan ta yadda za a kauce masa ce."

"Eh mana. Su kuma duk abin da ka ce kar a yi, shi suke yi. Ka ce kar a sanyaya da sauri, sai su sanyaya da sauri. Yana fitowa tsaf, ba kuskure. Ana gwada shi a kan rauni, ana renon ƙwayoyin jiki a cikinsa. Uban yauƙi suke ce maka. Ungo kek."

Harmen ya karɓi kek ɗin ya riƙe, ya rasa bakin ci. Wai da gangan suke yi? Mutane masu hankali, da digiri, su tashi da safe su haɗa abin da shi yake zubarwa? Ya buɗe maƙalolin nasu ya karanta har idonsa ya yi ja. Kowa a layin farko sai ya ce kamar yadda Algra ya fara nunawa. Shi bai nuna komai ba, ƙorafi ya yi.

Da yamma ya kai wa Tineke labari tana dama dankali da ganye a tukunya. Ta yi dariya har ta ajiye muciya.

"To tsoho, ka yi suna, me kuma kake so?"

"Ba a kan abin da na yi ba."

"Wa ya yi shi? Maƙwabta?"

"Shi ya yi kansa, Tineke. Ni hana shi nake yi."

"To ai ka ga da ka iya hanawa da ba wanda ya san ka. Zauna ka ci abinci."

Washegari ya je ofishin Ruben, ya roƙi a bar masa bencin shekara guda bayan ritaya. Bai saba roƙo ba, maganar ma da ƙyar ta fito.

"In yauƙi za ka yi, benci biyu ma sai in ba ka," in ji Ruben. "Keji kam a'a. Gaskiya zan faɗa maka, ba wanda ya taɓa ganin abin nan. Har kai."

Mutanen Holan ba sa kewaya magana, Harmen ma haka yake, amma wannan ta yi masa ciwo. Ya ce na gode, ya fita. Sauran makonnin ya yi ta haɗi kamar wanda aka sa wa wuta, safe da rana, kwalba bayan kwalba, duk yauƙi. Ranar bikin sallamarsa ya zo da kwat ɗin zuwa coci, ya duba kwalba ta ƙarshe, ya tarar ita ma haka. Ya juye ta a durom, ya wanke benci fes, ya nufi zauren taro.

Al'ada ce a gayyato abokan aiki su yi jawabi kafin a sha shayi da 'yan soye-soye. Babbar baƙuwa ita ce Farfesa Marlies Dekema daga kudu, wadda suka yi aji ɗaya da Harmen, mace mai murya kamar lasifika. Harmen na zaune a layin gaba kusa da Tineke, ana ta yabon yauƙi, shi yana jin kamar jana'izar wani aka kawo shi bisa kuskure.

"Dogo," in ji Marlies daga kan mumbari, don haka take kiransa tun suna ɗalibai, "na kawo maka tsaraba. Mun samu sabuwar na'ura wadda ba ruwanta da kiristal. Daskarar da abu take yi ta ɗauki hotonsa yadda yake. Mun sa yauƙinka a ciki."

Hoto ya fito a bango. Zare ne dogaye, sun sarƙe da juna. Ta matso da hoton, sai kowane zare ya zama jerin 'yan duwatsu kamar carbi. Ta ƙara matsowa. Harmen ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Kowane dutse ɗan keji ne, da bangonsa da murfinsa a rufe, wannan riƙe da wancan, har iyakar bangon zauren.

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya taka har gaban hoton, inuwarsa ta rufe rabi.

"Marlies, wannan kejina ne."

"To na wa zai zama? Ni na ɗauka ka yi zargin haka tuntuni."

"A cikin yauƙin?"

"Shi ne yauƙin, Dogo. Suna haɗuwa su rufe, sai su kama hannun juna su yi layi. Shi ya sa suka ƙi zama kiristal, ba su da lokacinka. Mun bi maƙalarka ta farko sak, haka suka fito."

"Ta farko," in ji Harmen.

Zaure ya ɗauki tafi. Ruben har da miƙewa, yana faɗin wannan zai ninka lambar. Harmen ya juya yana kallonsu, ya rasa me ake tafa wa. Ya ci nasara ke nan, ko kuwa asara ya yi wadda ba a taɓa yin irinta ba? Daɗi ya zo masa, baƙin ciki ya danne. Aka miƙa masa makirufo ya ce wani abu, ya ce yana zuwa, ya fice ta ƙofar gefe.

Tineke ta ba shi 'yan mintuna, sannan ta bi shi. Ta san inda za ta same shi. Ɗakin gwaji fayau, ba kwalba ko ɗaya a kan benci. Harmen na durƙushe bayan ƙofa da kwat ɗinsa mai kyau, ya buɗe murfin shuɗin durom yana leƙa ciki. Ba komai sai baƙin ruwa mai wari, na kowa da kowa a haɗe.

"Harmen, ana jiranka ka yanka kek."

"Da safen nan ma na zubar da ɗaya," ya ce, bai ɗago ba. "Na gaya miki? Har tsaki na yi musu."

"Tashi, za ka ɓata wandonka. Me kake nema a ciki?"

"So nake in gan su."

"Ai ba a ganinsu da ido. Kai ka faɗa mini."

"Na sani," in ji shi.

Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta riƙe masa murfin.