Kunnen Goggo Mai Inji

Idan ka shigo layinmu ka ji wata murya ta taso daga bayan shaguna tana cewa, “Mai jan bokiti, naki ya fito!” har tantabarun kan rufi suka watse, to ba sai an nuna maka ba, Lasifika ce. Ita ke riƙe da injin niƙan da ke manne da shagona, bango ɗaya ya raba mu. Ni tela ce, na tsufa a kan keken ɗinki, kuma na rantse ban taɓa ganin macen da Allah ya hore wa maƙogwaro irin nata ba. Yaran layi suna cewa in ta yi atishawa sai jariran ƙarshen titi su farka. Sharri ne, amma da ƙamshin gaskiya.

Abin mamakin shi ne, ranar da yarinyar nan ta fara taka layin nan sai da na kai kunnena dab da bakinta kafin na ji abin da take faɗa.

A lokacin injin yana hannun wata tsohuwa da kowa ke kira Goggo, gajeriya, mai ƙiba, girarta kullum fari fat da gari. Ƙarar inji ta riga ta cinye mata kunne. Ni da ita mun daɗe muna faɗa, ko in ce na daɗe ina faɗa ni kaɗai. Da ta tayar da injin, alluraina sai su kama rawa a kan tebur suna zubewa ƙasa. In leƙa in zazzaga mata masifa har jijiyar wuyana ta tashi, ita kuwa ta dube ni da murmushi ta ce, “Lafiya lau, ya aiki?” To wa zai iya da wannan?

Wata safiya na ɗaga kai na ga yarinya tsaye a ƙofar injin, da kayan makaranta a jikinta, ba za ta wuce shekara goma sha biyar ba. Ta ɗaure wuyan hannunta na hagu da tsumma. Leɓenta na motsi, amma ba wanda ya kula ta. Na gama hannun riga, na kama ɗaya hannun, tana nan yadda na bar ta. Ni kuma ba a san ni da haƙuri ba. Na fito na ce, “Ke! Niƙa kika kawo ko kallo?”

Sai ta duƙe, ta kare kanta da hannu. Wallahi nan take na gane wannan duƙawar ba yau aka fara ta ba. Na sassauta murya na matsa kusa, a nan ne na ji ta, kamar iska ta bi ta ƙarƙashin ƙofa: “Goggona nake nema.”

Ashe ’yar ƙanin Goggo ce, wanda ita Goggon ke kira Auta har gobe, duk da furfurarsa. Ma’aikacin ofis ne, kayansa kullum a goge, kowa na gaishe shi da girma, kuma ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya. A gidansa kuwa bai yarda kowa ya yi motsi ba. Daga baya ne yarinyar ta riƙa ba ni labari kaɗan-kaɗan. Ba rediyo, ba baƙi, ba takalmi a tsakar gida. Uwarta kan shimfiɗa tsumma kafin ta ajiye tukunya, kuma ta shafa wa ƙyauren ɗaki mai don kada ya yi kuka. Tari a cikin matashi ake yin sa. In zai fita aiki ya kulle gidan ta waje, uwar na ciki, yarinya kuwa daga makaranta sai gida. Wanda ya yi ƙara, wayar wuta ce ke jiransa a bayan ƙofa, in ya yi kuka a ƙara masa don kukan. A wannan makon murfin tukunya ne ya suɓuce wa yarinyar, ya murɗe mata hannu. Washegari ta zo ƙofar makaranta, ta dubi ƙofar, ta wuce zuwa wajen Goggo.

Goggo ta kwance tsumman, ta daɗe tana kallon hannun. Ta ce, “Auta ne?” Yarinya ta gyaɗa kai. Goggo ta miƙa hannu ta kashe injin, tsakiyar aiki, ga layin mutane. Rabon da in ji shiru irin wannan da rana har na manta. Ta kai ta asibiti, aka ce ƙashi ya tsage, aka ɗaure. Daga can aka tura su ofishin masu kula da yara, su kuma suka ce ta zauna wajen goggonta tukuna. Amma dukanmu mun san uban zai zo, kuma mun san yarinyar da ba ta iya cewa a ba ta ruwa ba, in ya ce ta tashi su tafi, tashi za ta yi.

Goggo ba ta yi mata wa’azi ba, aiki ta ba ta. Ta samo mata makaranta nan kusa, in ta taso kuma ta zo inji. “Ke ce kunnena,” in ji ta. “Duk abin da mai niƙa ya faɗa, ki maimaita mini yadda yake, kar ki rage komai.”

Tirƙashi! Kurma ta ɗauki mai raɗa aiki. Mace ta zo ta ce a niƙa mata da laushi, yarinya ta matsa ta motsa leɓe, Goggo ta ce, “Eh?” Ta sake, Goggo ta ce, “To, to,” ta ɓarza wa matar hatsinta kamar na kaji. Aka yi ta cacar baki a ƙofar injin, ni kuwa ina shago ina ƙyalƙyala dariya, don yau ga wasu sun ɗanɗana abin da na daɗe ina sha.

Dariyar ba ta yi nisa ba ta dawo kaina. Goggo ta yanke shawarar yarinya ta riƙa koyo da ni. Ta kan tura ta can bayan tarin buhuna ta ce, “Kira min Anti Tela. Daga ciki za ki ɗauko ta, ba daga leɓe ba. In ba ta amsa ba, ba ki kira ba.” Da farko ko ƙuda bai ji ba. Sai wata rana ina yanka yadi na ji wata ’yar siririyar murya ta ratso bango: “Anti Tela!” Almakashi ya kusa faɗuwa daga hannuna. Na amsa da ƙarfi, “Na’am!” Daga ranar na shiga uku. Safe Anti Tela, yamma Anti Tela, in fito in ce mene ne, a ce ba komai, gwaji ake. Na yi mita iya mita, amma ban taɓa ƙin amsawa ba.

Dariyarta ta farko ma a gabana aka yi. Goggo ta sunkuya tana leƙa bakin injin don ganin abin da ya toshe, sai ya furzo mata gari a fuska, ta ɗago sai ka ce an tsoma ta a farar ƙasa. Dariya ta kuɓuce wa yarinya, nan take ta toshe baki da hannu tana waigen ƙofa. Goggo ta janye hannun ta ce, “Sake ta, ’yar nan. Ni ba ji nake ba, ke kuma ba dukanki za a yi ba.”

Kafin a cire ɗaurin hannun, murya ta buɗe. Kuma aikin ya shiga jikinta har ya yi yawa, don komai ta ji sai ta maimaita. Wata mata ta yi ƙunƙuni ta ce, “Wannan tsohuwa da nawa take,” yarinya ta juya ta kwarara, “Goggo! Ta ce kina da nawa!” Matar ta rasa inda za ta sa kanta, layi ya kece da dariya, Goggo ta ce, “Gaskiyarta.” A ranar ne wani direba da ya kawo buhuna ya laƙaba mata Lasifika, sunan kuma ya zauna daram.

Uban ya zo ne da hantsi, ranar da babu makaranta, wuri cike da mata da bokitai. Na gane shi tun kafin a faɗa mini, saboda yadda yarinyar ta sandare da kwano a hannu. Kafaɗunta suka sauka, kanta ya sunkuya, duk abin da aka gina a watannin nan na ga yana zubewa a gaban idona. Na bar ɗinki na fito na tsaya a bakin ƙofa.

Ya gaida matan cikin ladabi, ya yi wa yayarsa alama ta kashe injin. Goggo ta ƙi. Ta ci gaba da zuba hatsi ta ce, “Auta, ka ga aiki nake. Faɗi, kunnena zai faɗa mini.”

Bai dube ta ba. Ya sunkuya wajen yarinyar, fuskarsa da murmushi, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya ji sai ita.

“Me ya ce?” in ji Goggo.

Yarinya ta rungume kwanon tana kallon ƙasa.

“Ke, aikinki fa. Me mutumin ya ce?”

Ta buɗe baki, kuma muryar da ta fito ta aiki ce, wadda ake yi don ta danne ƙarar inji: “Ya ce in ɗauko jakata!”

Uban ya ɗan ja baya. Ya sake sunkuyawa, murmushin na nan, ya ƙara faɗin wani abu, wannan karon ya fi tsawo.

“Sai kuma me?”

“Ya ce in na bari ya maimaita, ɗaya hannun ma sai ya karya shi! Ya ce Mama ce za ta ɗanɗana kuɗarta yau!”

A nan Goggo ta kashe injin. Wuri ya yi tsit. Matan da ɗazu suke amsa gaisuwarsa da fara’a suka zuba masa ido, wata ta ajiye bokitinta a hankali ta gyara ɗamara. Mutumin ya dubi hagu ya dubi dama. Abin da ya saba faɗa a ɗaki a kulle, yau ga shi a tsakiyar layi.

Goggo ta karkaɗe hannunta ta ce, “Na ji nasa. To ke me kika ce?”

“Ba zan koma ba.”

“Eh?”

Ni na san Goggo ta gane, don ta iya karanta leɓe in ta ga dama. Amma yarinyar ta ɗago kai, ta dubi ubanta ido cikin ido, ta ce, “Na ce ba zan koma ba!” Har mai gyaran takalmi na tsallaken titi sai da ya miƙe tsaye.

Ya juya ya tafi, garin niƙa ya yi masa fari a bakin wando. Goggo ba ta tsaya nan ba. Ta ja mayafi, ta kwashi matan da suka ji da kunnensu har da ni, muka nufi ofishin masu kula da yaran nan, saboda maganar da ya yi a kan uwar. Dangi suka shigo, aka yi ta zama, aka kai ruwa rana. Ƙarshe dai aka bar yarinya wajen goggonta, uwar kuma ’yan’uwanta suka ɗauke ta. Lasifika ta gama makaranta a nan, da Goggo ta gaji ta karɓi injin, yanzu har ta ƙara na biyu, don alluraina su ƙarasa haukacewa.

Amma ranar da ba na mantawa ita ce wadda uwar ta fara zuwa. Wata siririyar mata ta shigo shagona tana tafiya a kan yatsu, ta yi sallama da ƙyar, ta ce ko nan ne wajen mai inji. Kamanninta kaɗai sun gaya mini ko wace ce. Kafin in amsa, murya ta keto bango: “Mai koren buhu, matso kusa! Haba Baba, ai ba cizo nake ba!” Sai dariya ta biyo baya, irin ta ƙasan ciki.

Matar ta zabura ta dafe ƙirji. “Wace ce wannan?”

Na ce, “’Yarki ce.”

Ta zauna a kan tarin yadin mutane, ban hana ta ba. Hawaye na zuba, tana murmushi. Ta ce, “Ni na haife ta, ni na raine ta, ban taɓa sanin haka muryarta take ba.”

Na miƙe zan leƙa in kira ta, sai ta riƙo bakin zanena.

“Kar ki kira ta tukuna,” in ji ta. “Bari in ƙara ji.”