Danƙon Gamji da Injin Yaya Sale

A gidanmu na ƙauye, can gefen Watari, ba a fara tatsuniya sai an kwashe tuwo an bar garwashi a murhu. Kakarmu Iya Dije takan zauna kusa da wutar tana gasa mana gyaɗa, mu jikoki mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Ni ne sarkin tambaya a cikinmu, shi ya sa ta raɗa mini Alƙali. Ba ta son a katse ta, amma in na yi shiru ita ce za ta tsokane ni: "Yau Alƙali babu shari'a?"

Akwai tatsuniyar da ta fi zauna mini a rai. Ranar ta gyara ɗaurin zani ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri." Muka ce ta iso mu ji ta.

Wai an yi wata mai ginin tukwane, Talle, wadda babu mai hannunta a duk karkarar. Sai dai kasuwa da nisa, hanya kuma duk gargada. In ta ɗora tukwane a jaki, kafin a isa rabinsu sun tsage, gidan kuwa ba shi da abinci sai abin da tukwane suka kawo. Mijinta, mai ƙarfi ne amma tunaninsa gajere, ya ce ai ɗauri ne bai yi ba. Ya samo igiya ya tamke tukwanen a jikin katako tamau. Ranar ko ɗaya ba ta kai kasuwa ba.

Talle ta zauna gindin gamji tana kuka. Sai wani tsohon kunkuru ya ce ta tsaga jikin bishiyar ta tari danƙo, ta sa tsakanin tukunya da tukunya. A nan Iya takan shaƙe murya ta yi maganar kunkuru: "Katako in an buge shi, miƙa wa na kusa yake yi. Danƙo kuwa karɓa yake, ya lotsa, ya dawo a hankali. Kafin ya dawo, dukan ya mutu."

Tukwane suka isa lafiya. Muka fara murna, Iya ta ce mu dakata tukuna. Da bazara ta yi, wata rana Talle ta makara ta fita da rana tsaka. Danƙo ya narke ya tsiyaye, tukwane suka yi ta karo da juna.

Na ce, "Iya, to in da sanyi ne fa?"

Ta ce, "Sai ya daskare ya zama ƙanen katako. Shi ya sa daga ranar Talle ba ta ɗora kaya sai ta latsa danƙo da yatsa ta ji halin da ya kwana. Nan tatsuniya ta tsaya, wanda ya ci gyaɗa ya share ɓawo."

Yau da wannan nake cin abinci. Ni injiniya ne, aikina lissafa yadda girgiza ke ratsa gini, da yadda roba da danginta ke shanye ta. A kwamfuta nakan siffanta robar da abu biyu a haɗe, ɗaya mai maido da ƙarfin da aka ba shi, ɗaya mai jan lokaci kamar zuma, sannan in saka zafin wurin da saurin girgizar. Abokan aikina a littafi suka fara gamuwa da wannan, ni kuwa tun ina yawo ba takalmi kunkuru ya gaya mini.

Bara yayana Sale ya kafa injin casar shinkafa a ƙofar gida. Ba a jima ba bangon ɗakin maƙwabciyarsa Gwaggo Hansai, tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai, ya fara tsagewa. Mai unguwa ya ce in ba a gyara ba kafin girbi, a rufe injin. Shi kuwa Sale, da injin nan yake riƙe iyalinsa.

Da na zo ya ce, "Na ƙara masa siminti, na ɗaure shi da ƙarfe tamau, amma abin gaba yake yi."

Na ce, "Yaya, ka zama mijin Talle ke nan." Bai yi dariya ba, don hankalinsa a tashe yake.

Na auna girgizar da safe, na sake aunawa da azahar lokacin da rumfar kwanon da injin yake ciki ta ɗauki zafi. Lissafi ya nuna mini irin robar da ba za ta saki jiki a zafin nan ba, da kaurin da ya kamata. Muka kwance ɗaurin, muka raba gindin injin da ƙasa, muka ɗora shi a kan robar. Ban yi shakka ba ko kaɗan. Gwaggo Hansai ce ba ta yarda da kwamfuta ba. Ta ajiye ƙwaryar ruwa a gindin bangonta ta ce a tayar da injin. Ruwan, wanda a da rawa yake yi in injin na aiki, ya kwanta luf. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, Allah ya ba da kasuwa."

Da aka kashe injin na sa hannu a robar, na ji ta da ɗumi. Na ce wa Sale girgiza ba ɓacewa take yi ba, zafi take komawa a jikin abin da ya shanye ta, kuma shi ke tsofar da roba, saboda haka ya riƙa duba ta.

Sai ya ce, "Ka tuna rigimar Baba da ƙannensa a kan gona? Kowa ɗakin Iya yake shiga ya zazzage, ya fito ya huce."

Na tuna, kuma raina ya sosu. Gidanmu bai taɓa darewa ba tana raye, mu kuwa muka ɗauka haƙuri ba ya cin mai shi. Har ta koma ga Allah, babu ɗayanmu da ya taɓa tambayarta ko ta gaji.