Gaba Uku Sama, Gaba Biyu Ƙasa

Ina da shekara goma Hajiya, mahaifiyar Abbanmu, ta zo mana Birmingham. Bizar wata shida aka ba ta, ta kuma sauka a tsakiyar sanyi, lokacin da magariba ke yi tun ƙarfe huɗu. Kowa a gidan yana ƙorafin duhu, ita kuwa murna ta yi. A ƙa'idarta ba a tatsuniya da rana, ga shi ta zo inda rana ke faɗuwa kafin in cire kayan makaranta. "Wannan gari don tatsuniya aka yi shi," in ji ta, "mutanensa ne ba su sani ba."

Gidanmu a Handsworth irin tsofaffin nan ne da ke manne da juna, mai siririyar matakala. A falo akwai tsohon murhu da aka toshe, aka sa hita mai garwashin roba da ke yin ja. Hajiya ta raɗa mata suna wutar da ba ta toka, amma nan take wuni, ƙafafunta cikin safa biyu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take ce mini Takwara, Abba kuma ya ce Ummi. Shi Abba ɗan farinta ne, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In tana da magana da shi, ko yana zaune a gabanta, ni take aika.

Shekarar nake shirin jarrabawar shiga sakandaren da iyaye ke rububi. Abba injiniya ne, ya sayo littattafan gwaji tuli guda, ya yage shafukan amsoshi ya kulle a jakarsa. Lissafi ya zame mini ƙarfen ƙafa, musamman tambayoyin da ake bayarwa kamar labari. Ni dai in na ga lambobi biyu sai in haɗa ko in ɗebe in wuce, hankalina yana wajen wuta.

Wata Lahadi na ci tara cikin ashirin. Abba ya cire tabarau ya ce, "Ummi, this is not serious. Ga wani paper, ranar Asabar zan yi marking. In ba ki kawo fifteen ba, babu sauran tatsuniya sai bayan exam." Jarrabawar sai watan Satumba, Hajiya kuwa a Maris za ta koma Kano. Ko ni da ban iya lissafi ba, na gane abin da hakan ke nufi.

Washegari na zo bakin wuta da takardar, ido ya yi ja. Hajiya ta ce in karanto mata ɗaya da Hausa. Da guntuwar Hausata na lallaɓa: dodon koɗi ya faɗa rijiya mai zurfin mita goma, kullum da rana ya hau uku, da dare ya zame biyu, a rana ta nawa zai fito?

"Au! Ashe tatsuniya ake ba ku, sai dai an manta gishiri." Ta gyara zama. "Wa ya haƙa rijiyar? Da ruwa ko ta ƙafe? Shi wannan bawan Allah yana da iyali?"

Na ce takardar ba ta faɗa ba. Ta ce to ita ta san labarin, kuma ba dodon koɗi ba ne, ƙadangare ne. "Ga ta nan tafe, Takwara." Na ce ta iso mu ji.

Wai ƙadangare ne mai rumbu cike da gero, ya je leƙen wata ƙafaffiyar rijiya mai gaba goma, santsi ya kwashe shi. Kullum da rana ya yi ta fafutuka ya hau gaba uku, dare ya yi barci ya ɗauke shi, ya zame gaba biyu. Hankaka ya zo ya leƙa daga sama kwana biyu, ya ga yadda abin ke tafiya, ya ce a ransa, "Uku a cire biyu, gaba ɗaya ke nan kullum. Wannan sai rana ta goma." Sai ya tafi gidan ƙadangare ya ce wa yaran shi aminin ubansu ne, an bar masa amanar rumbu. Ya shiga ya baje, da niyyar ya gudu a rana ta tara.

Nan ta tsaya. "A rana ta nawa mai gida ya fito?"

"Ta goma mana."

"Ashe ke ma hankaka ce, daga sama kike leƙe. Tashi ki shiga rijiyar."

Ta ba ni ɗankwalinta in ɗaura a matakala ta goma, ta jingina da bango a ƙasa tana jan carbi. Ta ce gari ya waye, in hau uku. Ta ce dare ya yi, in sauko biyu. Da farko dariya nake, daga baya na fara son in ga inda abin zai ƙare. A rana ta takwas na tashi daga ta bakwai, na taka uku, sai ga ɗankwali a ƙarƙashin ƙafata.

"Dare ya yi, Takwara, zame."

"Hajiya, ai na fito! I'm out!"

"To wa zai koma rijiya ya kwana don a cika wa hankaka lissafi?" Ta ƙarasa mini labarin ina tsaye a sama: ƙadangare ya iso gida ya tarar da hankaka baki cike da gero, ya watsa masa tokar murhu a ƙirji, shi ne farin da ke jikinsa har yau. Ta ce ƙurunƙus, ɓera ya ɗauki kansa ya yi gaba.

Sauran kwanakin haka muka yi su. Tambayar famfo da baho, da buta muka yi ta a banɗaki har Ummanmu ta kore mu. Ta jiragen ƙasa biyu kuwa, takalman Abba ne suka taso daga bangon falo biyu suka haɗu a gaban hita. Hajiya ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, kuma ba ta taɓa ba ni amsa ba. Tambaya kawai take yi, har sai na ga mutanen da ke cikin takardar.

Ranar Asabar Abba ya zauna da jan biro. Bai buɗe jakarsa ba, wai lissafin 'yan firamare ne. Ya kai goma sha huɗu, saura ta rijiya. Ya dubi takwas ɗina ya ja mata layi. "Three minus two, one metre a day. Ten. Sorry, Ummi, fourteen."

Hajiya ba ta ko ɗaga kai daga carbinta ba. "Takwara, ce wa mutumin nan ya hau bene."

Bai hau ba, amma ya ɗauko jakar. Ya daɗe yana kallon shafin amsoshin, sannan ya yi wata dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Daren nan a ƙasa ya zauna tare da mu, a ɗan nesa da Hajiya.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan darasin haƙuri ce kawai. Sai da na koma Manchester karatun digiri na uku, ina zaune a wani ɗaki a Withington, malamina yana dawo mini da shafi uku ya soke biyu, na zauna na lissafa cewa a haka ba zan gama ba kafin lokacina ya ƙare. Har na fara rubuta takardar janyewa. Can na gane lissafin wa nake yi. Hankaka bai yi kuskure a kwana bakwai ba, ranar ƙarshe ce bai sani ba, domin ita sai wanda ke ciki.

Ranar da na kare aikina a gaban masu jarrabawa na kira Kano. Lokacin Hajiya ta tsufa ƙwarai, sunaye suna kuɓuce mata, digiri kuwa ba ta san ko na nawa ba ne. Aka kara mata waya a kunne, na rasa yadda zan yi mata bayani, sai na ce, "Hajiya, na taka ɗankwali."



"To fito mana, Takwara," ta ce. "Kada ki kwana a ciki."