Muryoyi Bakwai na Fadila

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin da nake ajiye kujerun haya da ɗakin Fadila, 'yar Malam Sharhabil, a layinmu na Unguwar Kanawa. Ta cikin katangar nan na fara jin muryoyin. Na ƙirga bakwai: tsohuwa, malami, 'yan mata uku, wani yaro mai in'ina, da kyanwa. Na ɗauka baƙi suka yi. Da na leƙa, silifas ɗin Fadila kaɗai na gani a bakin ƙofa.

Shekararta goma sha shida. Babanta ma'aikacin gwamnati ne, mamarta malamar asibiti. Karatu kam ba a magana, amma abin da layin ya san ta da shi ɗaya ne: ba ta iya gaisuwa. Ba wai ba ta so ba. Da ta ji sallama tafin hannunta zai jiƙe, ta sulale bayan tankin ruwan da ke lungun tsakar gida. In aka rutsa ta, za ta durƙusa yadda ya kamata, leɓenta ya motsa, amma ko "ina" ba za ta fito ba, balle "wuni".

Wadda abin ya fi tsaya wa a rai ita ce Gwaggo Hassana, yayar babanta, tsohuwar shugabar makarantar firamare. Gidanta a Kurmin Mashi mutum ashirin da uku ne ke kwana a ciki, ƙofa kuma ba a rufe ta sai dare. Gwaggo ta ce ita ta koyar da yara fiye da gashin kan wani, ta san kunya, ta san raini, wannan raini ne. Ta yanke cewa za ta ɗauke yarinyar, ta karɓe wayar hannunta, ta ɗora ta a kan tarbar baƙi har bakin ya buɗe. Malam Sharhabil ya yi ta ba Yaya haƙuri a ƙara wa yarinyar lokaci. Gwaggo ta ce ta ji, amma ranar da ta ga alamar raini ko guda, ko ɗankwali ba za ta jira a ɗauko mata ba.

Tun daga nan Fadila ta rame. Ko ƙarar Keke Napep ta ji ya tsaya a ƙofa, sai ta dafe ƙirji.

Muryoyin nan kuwa, ga asalinsu. Akwai wani katun ɗin Japan na barkwanci, irin wanda yara ke kira anime, a kan wata ɗaliba da in an yi mata magana kanta ke rikiɗa ya koma butar shayi, ya yi ta tafasa yana fito. Fadila ta ga kanta a ciki. Sai ta riƙa kashe sautin, ta shige sif ɗin kayan mamarta da aka ajiye a ɗakin nata, inda atamfofi ke shanye amo, ta ɗora wa kowa magana da Hausa tana naɗa a wayarta. Duk ita kaɗai. Yarinyar da ba ta iya amsa sallama, a cikin sif har tsawa take yi.

Kuskurenta ɗaya. A katun ɗin akwai wata kaka mai mafici, sai ta ba ta muryar Gwaggo sukutum: doguwar gyaran muryar nan da take yi kafin faɗa, da jan "keee", da kalamanta. Mutum ɗaya ta tura wa bidiyon, Joy 'yar Ishaya mai gyaran wuta, ƙawarta tilo. Joy ta yi dariya har da hawaye, ta tura wa 'yan ajinsu ba tare da sunan Fadila ba. Kafin a ce me, na ji shi a wayar mai kitso, na ji shi a wurin mai markaɗe. Fadila ta roƙi Joy ta goge, Joy ta goge nata, amma ruwan da ya zube ba ya kwasuwa.

Ranar sunan ɗan Salim, yayan Fadila, ni na kai kujera sittin da rumfa biyu. Bayan la'asar mata sun cika hamsin da huɗu daga ciki, Gwaggo na tsakiya a kan kujera mai hannu. Aka ɗora wa Fadila tire na zoɓo, aka ce ta zagaya. Ina kallonta, kofunan sai karo suke da juna.

Wata ƙanwar mai jego ta ce bari ta sa wa mutane wani abin dariya, ta haɗa wayarta da lasifikar da aka kawo don waƙa. Gyaran muryar nan ta cika tsakar gida. Sannan tsohuwar katun ta ce, "Keee, bakin naki na ado ne? Ko bango aka yi wa sallama ai yakan mayar da amo."

Mata suka kwashe da dariya. Wata daga baya, wadda ba ta lura da wa ke zaune ba, ta ce wallahi sak Hajiya Hassana. Dariyar ta mutu a hankali, layi bayan layi, har ta kai gaba.

Fadila ta tsaya cak. Zoɓo na tsiyaya daga gefen tire yana bin hannunta, ba ta ma sani ba. Ni kuwa na san abin da sauran ba su sani ba: maganar bangon nan Gwaggo ba ta taɓa yin ta a taro ba. A bayan tanki ta yi ta, ita da yarinyar kaɗai, ni kuma ina jiyo su ta katanga.

Gwaggo ta ce a maimaita, kuma kada a tsayar. Aka maimaita. Bayan tsohuwar ta gama, sai aka shiga zuciyar yarinyar mai kan buta, muryar ta yi ƙasa: ta ce tun daga ɗaki take shirya "ina wuni", tana riƙe da ita da hannu biyu kamar ƙwai, amma da ta ga takalman baƙi a ƙofa sai ta suɓuce ta fashe, ta ce ta fi kowa son a ce tana da ladabi. Wurin an yi shi ne don dariya, kan butar na ta fito. Babu wadda ta yi dariyar.

Gwaggo ba ta dubi Fadila ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki kofi ɗaya daga tiren, ta ce wa mai wayar ta sa musu waƙa.

Da taro ya watse ina tattara kujeru, na samu hamsin da tara. Ta sittin tana bayan tanki, Gwaggo na zaune a kanta, Fadila a durƙushe kamar wadda ke jiran hukunci. Na ja da baya, amma kunne ba shi da marfi.

"Gyaran muryar tawa ba ta kai haka tsawo ba," in ji Gwaggo.

Fadila ta ƙara sunkuyar da kai.

"Abin da mai kan butar ta faɗa, Japanawa ne suka rubuta, ko ke?"

Sai da na fidda rai, sannan na ji wata murya siririya, ba ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan ba. "Ni ce, Gwaggo."

Gwaggo ta daɗe tana juya kofin. Da ta tashi, ta samu ƙanenta a zaure ta ce masa yarinyar ta zauna a gidansu, tsoro ne ke damunta, kuma tsoro ba a korar sa da taro. Amma ta sa sharaɗi: kowace Juma'a Fadila ta naɗo mata gaisuwa a waya, da muryarta ta gaskiya.

Haka ake yi har yanzu. Ta katanga ina jin ta tana naɗa tana gogewa kafin ta tura. Amsar Gwaggo ba ta canzawa: "Na ji. Saura ido da ido."

Tankin yana nan, in an yi sallama har yau takan nufe shi. Sai dai kwanaki na shiga karɓar rumfata, ta leƙo da rabin fuska daga bayan tankin, ta ce, "Anti, ina wuni." Ban bari ta jira ba, na amsa na wuce da sauri.