Yinin da na yi a kan bencin gidan waya

Lokacin da abin nan ya faru, duk wanda ya ganni waya zai fara gani kafin fuskata. Shekarar da na ci bak ke nan, jarrabawar gama sakandare. Ni ƴar ƙauye ce daga wajen Ollelewa, amma shekara uku ina zaune cikin gari a gidan wata Hajiya, ƙawar kakata, da ta riƙe ni don in yi lise, wato babbar sakandare. Ranar da sakamako ya fito na yi ihu har murya ta dushe, sitatu kuwa na dinga zubawa a waya har ƙawaye suka ce in rage musu wuri. Ji nake duk yankinmu na Damergou babu kamata. Yatsana ya fi bakina sauri, bakin kuma ba ya jiran tunani.

Akwai makarantar koyon aikin lafiya a Yamai da na daɗe ina mafarkinta. Suka ce dosiye, wato takardun neman shiga, sai ta gidan waya, kuma hatimin da za a buga a kan ambulan kada ya wuce ranar Alhamis. Ni kuwa tunda nake ban taɓa shiga gidan waya ba. Mu saƙo tasha muke kai wa direba, a rubuta suna da lambar waya a bayan ambulan, an gama. Haka na yi wa dosiyena, na ɗauka ranar Litinin ina taku ɗai-ɗai, su o'o an zama manya.

Taga ɗaya ce a wurin, mutum ɗaya a bayanta, wani magidanci da tabarau a kan hanci da kofin shayi a gefe. Na gaishe shi, bai ɗago ba. Na miƙa ambulan, ya juya ta gaba da baya, ya cillo ta ta ƙarƙashin gilas har ta faɗi ƙasa. Ya ce wai ƴan bak ɗin yanzu ko adireshi ba su iya rubutawa ba, nan ba tasha ba ce, in dawo gobe. Mutanen da ke layi suka yi dariya. Na duƙa na ɗauki ambulan, kunnena har zafi yake. Maimakon in fita, sai na kunna kyamara ta ƙarƙashin hijabi na sake matsawa, na tambaye shi da wata murya ta tsokana ko laifin me na yi. Ya ƙara zazzaga min, ya ce na baya ya matso. Kafin in kai gida na saka bidiyon a sitatu da gurup ɗin ajinmu, na laƙaba masa suna Malam Dawo-gobe, na jera hotunan dariya. Saƙonni suka fara shigowa, wannan ta ce na yi maganinsa, wancan ya ce shi ma ya taɓa yi masa dizgi. Daɗi kamar ya kashe ni.

Bayan la'asar sai ga ƴar Hajiya ta shigo daga gidan mijinta da goyo, ido jajir, ko gaisuwata ba ta amsa ba. Can Hajiya ta kira ni ɗaki. Ashe mutumin nan wan mijin ƴarta ne, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami, shi ya tsaya masa a matsayin uba ranar ɗaurin aure. Bidiyon ya isa gidansu, kuma kowa ya gane muryar yarinyar gidan Hajiya. Ba ta yi min faɗa ba, wallahi da ta yi da na fi samun sauƙi. Tambayata kawai ta yi ko akwai ranar da na kwana da yunwa a gidanta.

Na goge bidiyon nan take, amma aikin banza, ya riga ya shiga wayoyin da ban san masu su ba. Daga nan duk inda na juya sai in ga a toshe. Direba ba shi da hatimi. Na ce ko in tafi Damagaram in aika daga can, Hajiya ta ce amana ce ni a hannunta, ba zan fita garin ba sai da izinin babana. Baba kuwa yana can gona tsakiyar damina, in na kira shi dole in faɗa masa dalili, ni kuma gara in mutu. Na roƙi Hajiya ta sa baki, ta dube ni ta ce yaushe aka fara suruka ta je ofishin surukai roƙo, ita da ko sunansa ba ta faɗa. Talata da Laraba a ɗaki na yi su, ko famfo ban leƙa ba. Da na sake sauraron bidiyon a wayar ƴar Hajiya, sai na ji a tsakiyar faɗan nasa ya ce babu lambar akwatin gidan waya na makarantar. Ya faɗa min abin da ya rage, ni ce ina can ina gyara kyamara.

Ranar Alhamis na sake sabuwar ambulan, na rubuta lambar akwati da manyan baƙaƙe, na tura waya ƙarƙashin matashi, na tafi tun kafin a buɗe. Ni ce ta farko a layi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce na baya ya matso. Na koma benci na zauna. Wani tsohon soja ya zo aka sallame shi, wani Buzu ya zo karɓar ƙunshi aka ba shi, mata biyu suka shigo, ɗaya ta zunguri ɗaya tana nuna ni da baki. Duk lokacin da taga ta zama babu kowa sai in miƙe, shi kuma sai ya jawo wani littafi ya hau rubutu. Ba halin in tafi, ranar ƙarshe ce. Ba halin in ɗaga murya. Hannuna sai lalubar jaka yake yana neman wayar da ba ta nan. Da azahar aka rufe, na zauna ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ambulan a cikin hijabi don gumi kada ya jiƙa ta. Aka buɗe, na koma bencina.

Sai da ya fara tattara kaya sannan ya dube ni ya ce ƴar jarida ta matso. Na durƙusa a gaban taga, ya ce in tashi, nan ofis ne. Ya ce ƴarsa ƙarama kwana uku ke nan ba ta yarda a aike ta, don yaran unguwa na bin ta suna kiranta ƴar Dawo-gobe, ko na ɗauki wannan ma a waya. Sai hawaye suka zubo min. Ya ɗora ambulan a kan sikeli, ya manna kan sarki, ya buga hatimi, ya turo min rasit ba tare da ya kalle ni ba. Bai ce ya yafe ba, bai kuma ce shi ma ya yi kuskure ba.

Makarantar ta ɗauke ni, yanzu haka daga Yamai nake rubuto muku, kuma ba ƙarya ina jin daɗin karatuna. Amma ranar da zan bar gari Hajiya ta haɗa min tsaraba, ta yi min addu'a daga bakin ƙofa, ba ta raka ni tasha ba kamar yadda take yi ko hutu zan tafi. In na kira ta muna gaisawa, minti ɗaya ta ce ga salla.

Har yau ban ce mutumin nan ya kyauta min ba. Cillo min takarduna ƙasa wulaƙanci ne, kuma na san ba ni kaɗai ya yi wa ba. Amma da na tambayi wanda ke bayana a layi me ya rage, ko na nemi shugaban wurin na kai ƙara ido da ido, da a ranar Litinin ɗin an gama. Ƴan uwana masu saurin yatsa, in ma'aikaci ya ci muku fuska, ku saurari abin da yake faɗa ko da cikin faɗa ne, ku bar wayar a jaka har zuciya ta sauka. Garuruwanmu ƙanana ne, wanda kuka ɗauka a bidiyo da safe yana da ƴa da za a aika kanti da yamma. Ni shekara uku na ci tuwon gidan Hajiya, kuma har yau ban san da wace fuska zan sake shiga gidan ba.